ext4 a garin da wuta ba ta da tabbas: ordered za mu bari ko mu koma journal?

Sadiq_Bolari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da nake so manyanmu na gurup ɗin nan su duba min. Ni a ganina duk mai haɗa wa mutane kwamfuta ko saba da Linux a Gombe bai kamata ya bar ext4, tsarin da Linux ke ajiye fayiloli da shi a faifai, a kan data=ordered ɗin da take zuwa da shi ba, gara mu mayar da data=journal ya zama ƙa'idarmu. Waɗanda suka zaɓi ordered ai suna zaune ne a inda ba a ɗauke wuta sai da sanarwa, mu kuwa a wuni guda a kawo a ɗauke a sake kawowa, ga janareta da ke tari da zarar mai ya yi ƙasa. Yanzu haka akwai wani kemis da zan haɗa wa ƙaramar saba, Ubuntu ce, za ta riƙe lissafin magani da na ciniki a databes ɗin MariaDB, sai folda ɗaya da ma'aikata za su riƙa ajiye takardu. Mai wurin ba ruwansa da gudu, shi dai kada lissafinsa ya ɓace. To me zai hana in sa journal kowa ya huta? Wanda ya san illarsa don Allah ya faɗa min tun kafin in kai musu.

Modibbo_Dukku:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa don Allah a warware mana bambancin ukun nan, ordered da journal da writeback, mu masu koyo muna ganinsu a rubuce amma ba mu san aikin kowanne ba.

Injiniya_Yelwa:
Wa alaikumus salam. Modibbo bari in fara da kai sai in dawo kan Sadiq. Kowane fayil abu biyu ne a kan faifai. Akwai abin da ke cikinsa, rubutu ne ko hoto, akwai kuma bayanan da tsarin ke riƙewa a kansa, sunansa, girmansa, wane bulok da wane bulok ne nasa, wa ya mallake shi, wato metadata. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar gyara metadata shi ne faifai ke rikicewa gaba ɗaya. Jonal wani ɗan fili ne da aka ware a faifan, a can ake fara rubuta abin da za a yi, a rufe da alamar an gama, sannan a je a yi aikin a ainihin wurinsa. Kamar mai shago ne da ba ya taɓa kanta sai ya rubuta a littafi cewa zan ɗauke kwali kaza in kai wuri kaza, ko an kira shi ya fita da gudu yaronsa zai buɗe littafin ya ƙarasa, layin da bai gama rubutawa ba kuma a tsallake shi.

A writeback metadata kaɗai ke shiga jonal, abin cikin fayil ya sauka duk sanda ya samu dama, ko kafin ko bayan. A ordered ma metadata kaɗai ke shiga amma da sharaɗi, sai abin cikin fayil ɗin ya sauka a wurinsa kafin a rufe metadatan da ke nuna shi. A journal kuwa duka biyun ke shiga, don haka duk abin da ka rubuta sau biyu yake taɓa faifai.

Sadiq kai kuma ga inda nake da ja. Ba don a adana maka aikinka na ƙarshe aka ƙirƙiro jonal ba, an yi shi ne don kada tsarin faifan kansa ya karye. Ko a journal ɗin ma duk bayan daƙiƙa 5 ake rufe abin da ya taru, shi ne commit=5 da take zuwa da shi. Abin da bai kai ga rufewa ba ya tafi, kowane salo ka sa.

Sadiq_Bolari:
Na gode Injiniya. Amma daƙiƙa 5 ai da sauƙi, na ji an ce a ordered abin da ke ɓacewa ya fi haka, gaskiya ne?

Injiniya_Yelwa:
Eh wannan kam ka yi gaskiya. ext4 tana jinkirta raba bulok, tana barin sabon rubutu a RAM har sai kanel ya ga ya daɗe, kuma abin da aka saita a dirty_expire_centisecs shi ne 3000, wato daƙiƙa 30. To in manhaja ba ta kira fsync ba, wato umarnin da ke tilasta a sauke rubutu kan faifai nan take, za ka iya rasa na kusan rabin minti a ordered. A journal an kashe wannan jinkirin, ramin ya fi ƙanƙanta. Ban ce ba ka da hujja ba, na ce dai a san iyakar abin da yake karewa.

Kawu_Bajoga:
'Ya'yana sannunku da muhawara. Wannan gardamar ta girmi wasunku a harkar nan. Mu da muka fara da ext2 mun san wahalar da ta sa aka yi jonal, in wuta ta ɗauke sai ka zauna kana kallon fsck yana bin faifai kaf, wani lokaci ya tsaya yana tambayarka ko ya gyara kaza, ka danna y hannunka na rawa, in an gama ka leƙa lost+found ka tarar da fayiloli ba suna sai lamba. Da ext3 ta shigo kanel 2.4.15 a ƙarshen 2001, aikin Stephen Tweedie, ordered ta zo da shi kuma mutane suka ji daɗi. Sai dai tana da wani ciwo, in manhaja ɗaya ta kira fsync sai a tilasta sauke rubutun kowa da kowa da ke jira a wannan fatishan ɗin. Da Firefox 3 ta fito a 2008 tana ajiye tarihin bincike a SQLite, mutane suka riƙa ganin burauza ta ƙame in ana kwafar babban fayil a gefe. Hayaniyar ta kai har a 2009 a kanel 2.6.30 aka sauya, ext3 ta koma writeback sai in mai haɗa kanel ya zaɓi ordered da kansa, kuma Linus Torvalds na cikin masu goyon bayan haka. Manyan distiro ba su bi ba, suka ci gaba da ordered abinsu, a 2010 aka mayar da shi yadda yake a da. Abin da nake so ku gani shi ne su kansu masu rubuta kanel sun taɓa barin aminci don gudu, suka dawo. Ita ext4 tun da aka ce ta nuna a 2.6.28, Disamba 2008, ordered take kai.

ɗanTumfure:
Kawu Allah ya ƙara girma, amma ni fa ina tare da masu gudu. Kwamfutocin kafe ɗinmu tsofaffin HDD ne, na sa musu data=writeback da noatime da barrier=0 kuma wlh bambancin a fili yake, yara suna buɗe abu yana buɗewa. Ana ɗauke wuta kullum ban ga abin da ya faru ba.

UmmuHanif:
ɗanTumfure don Allah ƙanina cire barrier=0 ɗin nan yau ba sai gobe ba. Writeback ra'ayi ne, ana iya gardama a kai, amma kashe barrier cire wa jonal ƙafa ne gaba ɗaya. Shi faifai yana da 'yar ma'ajiya a cikinsa, yana karɓar rubutu ya ce an gama alhali bai sauke ba, kuma yana iya sauya jerin yadda zai sauke. Barrier ce ke tilasta masa ya sauke jikin jonal kafin alamar rufewa. In ka kashe, alamar za ta iya riga jikin isa, wuta ta ɗauke a wannan tsakanin, kwamfuta ta tashi ta ɗauki shara ta shimfiɗa a kan metadata da sunan gyara. An yi zaɓin ne don masu katin RAID mai batir a jiki. XFS ma, wani tsarin fayil na Linux, cire shi ta yi ɗungurungum a kanel 4.19.

ɗanTumfure:
Toh Anti na ji batun barrier, zan mayar. Amma writeback kam yana nan, ba abin da ake ajiyewa a injinan nan, kowa da filashinsa yake zuwa.

Kawu_Bajoga:
ɗana a kafe ne ma writeback ya fi ba ni tsoro. Zamanin ext3 an taɓa kawo min wata kwamfuta daga wani ofis, wanda ya haɗa musu ya sa writeback. Wuta ta ɗauke ana rubuta wani fayil na rahoto, da aka tashe ta girman fayil ɗin daidai yake, amma da na buɗe, sama rahoton ne, ƙasa kuma sai ga guntun wata wasiƙa da wani ma'aikaci ya goge tuntuni, har da sunan wanda aka rubuta wa da adadin kuɗi. Metadata ta riga ta ce bulok ɗin nan na rahoto ne, sabon rubutun bai kai ga sauka ba, sai tsohon abin da ke kwance a wurin ya fito. Ka duba wurin da mutum ɗari ke zama a kujera ɗaya, wannan ya sauke takardar banki wancan ya sauke sakamakon asibiti. Ba fayil ɗin da ya lalace ne damuwar ba, sirrin wani ne zai faɗa hannun wani.

Modibbo_Dukku:
Subhanallah. Kenan ordered maganin wannan ne?

Injiniya_Yelwa:
Shi ne ainihin aikinsa. Ba za a ce bulok na fayil ne ba sai sabon rubutu ya hau kansa. Amma in kana sake rubutu ne a kan tsakiyar tsohon fayil, ordered ba ya hana ka tarar da rabi sabo rabi tsoho.

UmmuHanif:
Bari in dawo da mu kan kemis ɗin Sadiq don an fara nisa. Malam Sadiq abin da ka ce ya fi muhimmanci shi ne lissafi, kuma lissafin yana cikin MariaDB. To InnoDB, injin ajiyar MariaDB, tana da nata jonal ɗin, redo log, kuma matuƙar innodb_flush_log_at_trx_commit yana kan 1 yadda yake zuwa, duk cinikin da aka kammala sai ta kira fsync kafin ta ce wa mai kanta an shigar. Tana kuma da doublewrite, shafi sai ya sauka a wani wuri na daban kafin ya je gidansa don kada ya tsage rabi da rabi. Yanzu ka lissafa, ciniki ɗaya ya shiga redo log, ya shiga doublewrite, ya shiga tebur, sai kai kuma ka zo ka ninka kowanne da data=journal. Ba ka ƙara aminci ko ƙwayar zarra ba a ɓangaren databes, nauyi kawai ka ƙara. Takardun PostgreSQL ma ƙarara suka faɗa cewa tunda akwai WAL, wato nata jonal ɗin, ba a buƙatar tsarin fayil ya riƙa sa abin cikin fayil a jonal, har suka kawo data=writeback a ext3 a matsayin misali. Sannan journal yana kashe O_DIRECT, wanda databes da yawa ke so don kada a riƙe abu ɗaya sau biyu a RAM. In ka hau da shi ka duba dmesg za ka ga kanel da kansa yana gargaɗi a kan abubuwan da ya kashe.

Ni da ni ce, ordered zan bari, in tabbatar ba wanda ya taɓa saitin nan na 1 ya mayar 0 ko 2 don neman gudu, in kuma sa mysqldump ya riƙa fita kowane dare zuwa wani faifai daban.

Sadiq_Bolari:
Anti wannan bayani ya shige ni, na yarda a kan databes. To foldar takardun fa? Can ai ba redo log, Word da Excel ne ma'aikata za su riƙa ajiyewa ta Samba, mai raba folda ga kwamfutocin Windows.

Herwagana_Tech:
Oga Sadiq ai ba dole sai ka zaɓi ɗaya wa injin gaba ɗaya ba. Salon jonal na kowane fatishan ne. Ka yanka fatishan daban wa takardun ka sa masa data=journal a fstab, fayil ɗin da ke faɗa yadda za a hau kowane fatishan, sauran ka bar su a ordered. Takardun ofis ƙanana ne, ba wanda zai ji ninkin. Ko kuma ka yi chattr +j a kan foldar tun tana fanko, sababbin fayilolin da za a ƙirƙira a ciki su gaji alamar, sai su riƙa bi ta jonal alhali sauran faifan na ordered, amma fa sai an hau fatishan ɗin da nodelalloc, wato an kashe jinkirin raba bulok.

Abu ɗaya dai, kada ka je ka rubuta data=journal a layin /, wato babban fatishan ɗin tsarin, na fstab kawai ka yi ristat. Wani yaro ya kawo min laftof ɗinsa a shago haka ya yi, ta tashi amma komai ya ƙi ajiyuwa, ko fstab ɗin ma ya buɗe da nano zai gyara ta ce masa faifan na karatu ne kawai. Da muka duba dmesg sai ga layi yana cewa ba a iya sauya salon data a lokacin sake hawa. Dalili shi ne tun farkon tashi an riga an hau / da ordered, da aka zo sake hawansa da abin da ke fstab sai kanel ya ƙi. Da filashin Ubuntu muka tashe ta muka goge. In dole sai ka sauya na / to ko ka yi tune2fs -o journal_data a kan fatishan ɗin, ko ka ƙara rootflags=data=journal a /etc/default/grub ka yi update-grub.

Modibbo_Dukku:
Ta ina zan ga wanda tawa take kai yanzu? Na buga mount ban ga data= ko ɗaya ba.

Herwagana_Tech:
Sababbin kanel ba sa nuna wanda yake na asali a nan. Buga cat /proc/fs/ext4/sda2/options, ka sauya sda2 da naka. Ko dmesg | grep EXT4, za ka ga inda ya ce ya hau da ordered.

Zee_Kashere:
Salam, ni ɗaliba ce amma bari in sa baki. Me ya sa duk muka maƙale wa ext4? Tsarin fayil na Btrfs ba ta sake rubutu a kan tsohon wuri, sabon wuri take rubutawa sannan ta juya manuni, kenan ko tsohon ka samu ko sabon. Ga checksum a kan abin cikin fayil ɗin kansa wanda ext4 ba ta da shi, ga sinafshot. Fedora ta mayar da ita ta asali a kwamfutar tebur tun Fedora 33 a 2020, openSUSE ma tun kafin nan. Ni ita nake amfani da ita a laftof ɗina.

Injiniya_Yelwa:
Zee maganarki tana kan hanya, kuma checksum ɗin nan babban abu ne, don faifai na iya ɓata abu shiru ext4 ta miƙo maka shi a haka. Amma ita ma tana tara rubutu, nata lokacin rufewar daƙiƙa 30 ne, ba wai ba a rasa komai ba. Fayilolin databes kuma suna farfashewa a kanta saboda yawan rubutu a tsakiya, shi ya sa ake sa musu chattr +C, in ka sa kuwa checksum ɗin ya tafi a kan waɗannan fayilolin. Sannan ki tuna injin da Sadiq zai ajiye a kemis ya tafi ne, ran da ya samu matsala duk wanda aka kira daga Gombe ko nan Bauchi ya san e2fsck, amma masu iya ceto Btrfs ba su da yawa a cikinmu.

Zee_Kashere:
Haka ne Yallabai, amma in ba mu fara ba yaushe za mu iya? Zan haɗa ta a tsohuwar kwamfuta in riƙa zare mata wuta in gani da idona.

Kawu_Bajoga:
Madalla 'yata, haka ake koyo. Ki haɗa da XFS a gwajin, ita Red Hat ta ɗauka tun RHEL 7 a 2014, kuma metadata kaɗai take sa wa jonal, ba ta ma ba ka zaɓin nan uku. NTFS ta Windows ma haka. Kenan yawancin manyan injinan duniya ba sa yin abin da data=journal ke yi kuma bankuna na tafiya a kansu, saboda manhajojinsu na kiran fsync inda ya dace.

AbuKhalil_Sola:
Ni ba ɗan Linux ba ne sosai, sola da inbata nake haɗawa, amma tun ɗazu nake karantawa ina cewa yaushe za a zo kan wutar kanta. Oga Sadiq ko wane salo ka sa, in injin nan yana mutuwa ba shiri kullum wata rana faifan ne zai tafi, ba fayil ba. Kuma kada ka dogara da cewa wurin akwai inbata. Wasu inbatocin in an ɗauke wuta suna ɗan jinkiri kafin su karɓa, fanka da fitila ba sa ji amma kwamfutar tebur mai araha sai ka ga ta yi ristat. In inbatan yana da maɓallin UPS a baya a mayar da shi can. In ba shi da shi a sa ƙaramin UPS tsakani. Kuma a riƙa duba batirinsa, zafin Maris da Afrilu na garin nan yana cinye su, na sha buɗe UPS in tarar batir ya kumbura har murfin ya ƙi fita, fitila kore tana ci lafiya lau amma ana zare wuta ko ƙara ɗaya ba ya yi yake mutuwa.

Herwagana_Tech:
Gsky AbuKhalil ya taɓo wurin. Kuma a sayi UPS mai ramin USB, a sa NUT ko apcupsd, in batir ya yi ƙasa saba ta kashe kanta cikin tsari. In aka yi haka jonal ma ba zai samu aikin yi ba. Ni wa ƙananan wurare ma laftof mai batir mai kyau nake mayarwa saba, UPS ɗinta na jikinta.

Sadiq_Bolari:
UPS yana cikin lissafi in sha Allah. Amma AbuKhalil kai da bakinka ka ce batir na mutuwa ba a sani ba, to ranar da hakan ta faru ai jonal ɗin ne zai tsaya mana. Shi ya sa har yanzu ban sauka daga maganata ta farko gaba ɗaya ba.

ɗanTumfure:
SSD za ka sa ko HDD? In SSD ce ka tuna ninkin rubutu na cin rayuwarta.

UmmuHanif:
Wannan ba zai dame ni a kemis ba, abin da za su rubuta a wuni bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi damuna shi ne irin SSD ɗin. Na manyan saba suna da kafasito da ke ba su damar sauke abin da ke hannunsu in wuta ta yanke, na kasuwa galibi ba su da shi, sun dogara ne da bin umarnin da kanel ke ba su na saukewa. In aka samu marar suna da ke cewa ta sauke alhali ba ta yi ba, to ordered da journal duk ɗaya ne a wurinta. Malam Sadiq ka sayi mai sunan da aka sani daga hannun wanda ka yarda da shi, ko da ƙarama ce.

Injiniya_Yelwa:
Don a yi wa journal adalci, ba kullum ne ya fi nauyi ba. A kan HDD in aikin ƙananan rubutu ne masu yawa kowanne da fsync, irin sabar imel, yana iya fin sauran gudu, don kan faifan ba ya ta tsalle, a jere yake zubawa cikin jonal a ce an gama, daga baya a rarraba a nutse. Inda yake kashe mutum shi ne kwafar manyan fayiloli, bidiyo ko bakof, jonal ya cika a tsaya jira. Ku buɗe iotop za ku ga jbd2 a sama yana ta aiki. Har ana iya ware jonal a wani faifai mai gudu da mke2fs -O journal_dev, amma ban ba Sadiq shawarar haka ba, in faifan jonal ya mutu ka ƙara wa kanka aiki.

Modibbo_Dukku:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Na taɓa ganin fayil ya koma 0 byte bayan an ɗauke wuta, wannan laifin wane salo ne?

Kawu_Bajoga:
Ya danganta da inda fayil ɗin yake. In a filashi ne, FAT32 da exFAT ba su da jonal sam, a riƙa cire su ta hanyar da ta dace. In a ext4 ne to tsohon labari ne, farkon 2009 masu gwada Ubuntu 9.04 suka riƙa samun fayilolin saitin KDE da GNOME sun koma fanko bayan injin ya faɗi. Manhajojin suna rubuta sabon fayil su sauya masa suna ya hau kan tsohon ba tare da fsync ba, sunan ya shiga jonal cikin daƙiƙa 5, abin cikin kuma yana RAM yana jiran rabon bulok. A ext3 ba a gani saboda ba ta jinkirin. Theodore Ts'o ya tsaya a kan cewa manhajojin ne ba su bi ƙa'ida ba, masu manhaja suka ce tsarin fayil ne ya kamata ya kare mutane, a ƙarshe ya ƙara auto_da_alloc a 2.6.30, wanda ke gane irin wannan sauya sunan ya sauke abin cikin tukuna. Yana kunne har yau sai in ka kashe shi. Amma sabon fayil fil da ba a kan wani ya hau ba, in wuta ta ɗauke kafin ya sauka, har gobe za ka iya tarar da shi fanko.

Sadiq_Bolari:
Kawu wannan na ƙarshen da ka faɗa ai shi ne tsorona a foldar takardu. To ga inda na tsaya yanzu, / da MariaDB a ordered, fatishan ɗin takardu a journal yadda Herwagana ya ce, UPS mai USB, bakof kowane dare. Zan zare mata wuta a gida ana tsakiyar ajiye fayil ta Samba in ga me zai fito kafin in kai.

UmmuHanif:
Ni dai ko na takardun a ordered zan bari. Samba tun 4.7 tana girmama buƙatar saukewa in Windows ta turo, strict sync na kunne. Duk abin da ka saita daban da na kowa, wanda zai gaje ka a wurin sai ya sha wahalar gano dalili. In ka nace to ka rubuta a takarda ka manna a jikin injin.

Injiniya_Yelwa:
Hajiya a nan kam na fi karkata ga Sadiq, ba kowace manhaja ce ke turo buƙatar ba, kuma layi ɗaya ne a fstab, ana iya sa bayani a samansa da #. Sadiq in za ka yi gwajin kada ka danna maɓallin kashewa, ka zare wayar daga bango, kuma ka gwada da fayil sabo da kuma tsoho da ake sake ajiyewa, don ba hanya ɗaya suke bi ba.

ɗanTumfure:
Na cire barrier=0 a duka, writeback ɗin ma na mayar da ordered a guda biyu in kwatanta da sauran zuwa ƙarshen mako. Herwagana wane UPS ne ka gwada NUT ta gane shi ba wahala? Na nan kasuwa da na duba yawanci ba ramin USB a bayansu.